Koyar da Tarihin Yaƙe-Yaƙe a Azuzuwan Manya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin yaƙi da jahilci, ko da la'asar sakaliya ko bayan sallar isha'i, ya san irin mutanen da ke zaune a kan bencinan nan. Akwai manomi, akwai maɗinki, akwai maƙeri da direba da mai gadi, wani lokaci har da tsohon soja wanda ya ajiye kaki ya koma gida. A ajin mata kuma akwai uwargida da amarya da tsohuwa mai jikoki. Abin da aka saba koya musu shi ne karatu da rubutu da lissafi, da ɗan abin da ya shafi tsabta da zaman tare. Nufina a wannan takarda shi ne in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wani fanni da ba a cika sa shi cikin wannan lissafi ba, watau tarihin yaƙe-yaƙe, in kuma bayyana yadda nake ganin ya kamata a koyar da shi ga mutumin da ya riga ya mallaki hankalin kansa. Zan kafa babban misalina da abin da ya auku a Kano da Sakkwato cikin 1903, domin labarin wannan yaƙi ya iso mana ta hanyoyi da dama, har ana iya gwama wata ruwaya da wata.

Ba yau aka fara koyar da manya a ƙasar nan ba. Makarantun zaure ba su taɓa tambayar ɗalibi shekarunsa ba, gemu kuwa ba ya hana ilmi. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a birane da ƙauyuka, aka yi ta buga ƙananan littattafai a Zariya saboda sababbin masu karatu. Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilmin manya a 1980, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa tata a 1990. To, amma cikin dukan wannan ɗawainiya tarihi bai sami wani gurbi na kirki ba. Daɗin daɗawa, a ƙarshen shekarun 2000 aka fitar da tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka yi shekara fiye da goma kafin a mai da shi. Yaran da suka yi makaranta a wannan tsakani yanzu magidanta ne. Ke nan ba wanda bai taɓa shiga aji ba kaɗai ke bukatar wannan darasi. Har da mai takardar shaida a aljihu, wanda kullum safiya yake wucewa ta Ƙofar Kabuga amma bai san abin da ya faru a wurin ba.

Wani zai ce, me ya sa sai tarihin yaƙi, alhali akwai tarihin ciniki da na malanta da na sana'o'i? Amsa ita ce, a cikin abin da talaka ya gada daga bakin kakanninsa babu wanda ya kai labarin yaƙi yawa. Idan ka tambayi dattijo dalilin da ya sa ƙauyensu ya tashi daga tsohon kufai ya koma gindin dutse, galibi hari zai ambata maka. Sarautun da ake naɗawa har gobe, irin su Madawaki da Barde da Jarmai da Garkuwa da Sarkin Baka, muƙaman fagen fama ne tun asali. Hawan salla kansa, da 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga, jerin gwanon mayaƙa ne da ya zama ado. Mai koyarwa kuwa yana farawa ne daga abin da ɗalibi ya riga ya riƙe.

Babba Da Yaro A Gaban Malami

Yaro yakan zo makaranta da allonsa a wanke, abin da malam ya rubuta masa shi zai ɗauka. Babba kuwa allonsa cike yake da rubutu tun daga gida, wani daidai, wani da gyara, kuma ba ya son a wanke masa shi da ƙarfi. Malamin da ya tsaya gaban dattawa yana zuba musu sunayen sarakuna da shekarun da suka yi yaƙi, yana cewa su haddace, kafin wata ya ƙare zai ga bencina sun zama wayam. Mutumin da ya yini a gona ko a kasuwa ba zai hana idonsa barci don a mai da shi ɗan aji ɗaya ba.

Saboda haka wajibi ne tun da fari malami ya gane cewa tarihin yaƙi ya wuce wane ya ci wane. A cikinsa akwai yadda ake tara runduna, da yadda ake ciyar da ita, da inda makamai ke fitowa, da lokacin da ake fita, da abin da ke samun mutanen da aka bi ta kan gonakinsu. A waɗannan fannoni kuwa sau da yawa ɗalibai sun fi malaminsu sani. Manomi ba sai an gaya masa dalilin da ya sa sarakunan dā suka fi fita yaƙi bayan kaka ba: a lokacin hatsi na rumbu, rafuka sun janye, mazaje sun huta da noma. Wanda ya taɓa kiwon doki ya san yawan dawa da harawa da ruwan da doki ɗaya ke bukata a yini, don haka in aka ce masa wani sarki ya fita da dawaki dubu goma zai yi shiru ya yi lissafi, ya tambaya a wace rijiya suka sha. Wannan tambaya tasa ita ce mafarin nazarin tarihi, ko da bai san sunanta ke nan ba.

Alal misali, Tarihin Kano, wanda fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke a Kano. Ya kuma nuna an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, sa'an nan Babba Zaki ya zama sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Idan malami ya karanta wa aji wannan ya tsaya, ya ba da labari ne kawai. Amma in ya juya ga maɗinki ya ce ya bayyana yadda ake cusa auduga a ɗinke lifidi, ya tambayi maharbi irin kibiyar da za ta iya huda shi da irin dafin da ake shafa mata, ya tambayi maƙeri kwana nawa zai ɗauka kafin ya ƙera kan mashi ɗari, to aji ya ɗauki zafi. Daga nan ne za a fahimci cewa lifidi yana kare doki da mahayinsa amma yana da nauyi, yana gajiyar da dabba, yana kuma tsoron wuta. Da wannan fahimta sai a je ga yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yuni 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa kuma dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, suka kori rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da 'yan lifidi. Ɗalibi zai ga cewa yawan kayan yaƙi dabam, sanin wurin da za a tsaya da su dabam.

Darasin 1903

Bari in shimfiɗa yadda nake ganin za a iya tafiyar da wannan darasi, wanda zai ci zama huɗu ko biyar.

Zaman farko, in ajin a Kano yake, bai kamata a yi shi cikin ɗaki ba. Gani ya kori ji. A tafi da ɗalibai inda ragowar ganuwa take, su dubi kaurinta, magina daga cikinsu su faɗi yawan tubali da hannuwan da irin wannan aiki zai ci. A nuna musu inda gwalalo yake a dā, a bayyana musu dalilin da ya sa aka bar filayen noma a cikin birni, watau don kada yunwa ta ci mutane in abokan gaba sun yi musu zobe. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, har kewayenta ya kai wajen mil 11 sa'ad da Turawa suka zo. Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Daga nan a zarce Gidan Makama a ga tsofaffin makamai da ƙyamaren ƙofofin birni. Wanda ajinsa yake Zariya ko Katsina ko wani ƙaramin gari, shi ma ba zai rasa kufan ganuwa ko tsohuwar ƙofa da zai fara da ita ba.

A zama na biyu sai a kawo abin da aka tabbatar. Rundunar Ingilishi a ƙarƙashin Kanar Morland ta tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903. Sojojinta baƙar fata sun ɗan haura 700, tare da hafsoshi Turawa 'yan ƙalilan, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a kan hanya, suka iso Kano ran 3 ga Fabrairu. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Igwa ba ta iya rusa ganuwa ba, sai suka nemi ƙofar da za su iya saita ta sosai, suka fasa ta Kabuga suka shiga. Sarkin Shanu, wanda yana cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari, ya yi faɗa a gidan sarki har aka kashe shi. A nan malami zai iya haɗa darasin da lissafi, ya sa ɗalibai su auna nisan Zariya da Kano, su raba da kwanakin tafiya, su ƙiyasta yawan 'yan dakon da suka ɗauki harsashi da abinci a ka. Waɗannan 'yan dako ba a cika ambatonsu a littattafai ba, amma ba don su ba da igwa ba ta bar Zariya ba.

Rundunar Kano kuwa tana kan hanyar komowa labari ya riske ta. Alu ya rabu da jama'arsa da dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Mutanensa suka kasu. Wambai Abbas ya jawo wani sashe zuwa Kano, Turawa suka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya ci gaba da sauran, suka gamu da wata 'yar ƙaramar ƙungiyar soja, ba su kai hamsin ba, a kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu. Sojojin suka tsaya sahu mai kusurwa huɗu, barade suka yi ta kai musu sukuwa ana zubar da su, har Waziri ya faɗi. Shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada. Ingilishi kuma suka ba hafsan da ya ja sojojin, Laftana Wright, lambar jaruntaka mafi girma a ƙasarsu. Yini ɗaya, fage ɗaya, kowane ɓangare ya fitar da gwarzonsa. Ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙin nuna wa ɗalibi cewa kowane mai ba da labari yana da inda ya tsaya ba.

Ran 15 ga Maris aka yi karon Sakkwato. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba 1902, saboda haka Attahiru ɗan Ahmadu bai fi wata biyar a kan gado ba. Mayaƙansa suka fito bayan gari, a filin Giginya, suka ja dāga a sarari. Bindiga mai ruwa kuwa tana iya aman harsashi wajen 500 a minti guda. Kafin rana ta take an gama, sai waɗanda suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gudu har aka kashe su. Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. A Burmi, ta wajen kogin Gongola, mutanen garin suka kori harin farko na Turawa a watan Mayu, amma ran 27 ga Yuli aka sake dawowa da ƙarfi, aka kashe Attahiru da jama'a masu yawa, shugaban rundunar Turawan, Manjo Marsh, shi ma ya mutu a wurin. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har yanzu.

Zama na uku shi ne zuciyar darasin, kuma a nan ne ajin manya ya fi ajin yara nesa ba kusa ba. Malami zai ce wa ɗalibai kowa ya zo da abin da ya ji a gidansu game da shekarar zuwan Nasara. Wani zai ce kakansa yana cikin waɗanda suka bi Attahiru suka komo daga hanya. Wani zai ce a garinsu ko kibiya ɗaya ba a harba ba, sarki ya fita da goro da raguna ya tarye su. Wata tsohuwa za ta ce abin da kakarta ta fi tunawa shi ne yadda bayi suka yi ta tserewa daga rinji. Sa'an nan a kawo abin da Lugga ya rubuta wa gwamnatinsa a rahotonsa, a fassara musu, a kawo kuma takardar da Wazirin Sakkwato Buhari ya rubuta wa malamai yana bayyana hujjarsa ta tsayawa a yi sulhu maimakon hijira. Sai a yi ta tambaya. Wa ya faɗi wannan? Ya gani da idonsa ko ji ya yi? Wa yake so ya gamsar? Lugga yana rubuta wa mutanen Landan ne, waɗanda wasunsu ba su so a yi yaƙin ba, don haka yana da dalilin nuna cewa dole ce ta sa shi, kuma talakawa sun yi murna da zuwansa. Maroƙin fada shi ma yana da dalilin ƙara yawan maƙiya da rage yawan waɗanda suka juya da baya. Yawan mutanen da aka ce an kashe a kowane karo, galibi daga bakin wanda ya yi kisan muka same shi.

Abin lura a nan, kada malami ya ɗauka cewa rubutacce kullum ya fi na baka gaskiya. Wani tsohon jami'in mulki, D. J. M. Muffett, ya bi dattawan da suka ga waɗannan yaƙe-yaƙe da idonsu ya ɗauki bayaninsu, ya buga littafi a 1964, ya kuwa nuna wurare da dama inda rahoton hukuma yake da rauni. Haka kuma labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna abin da mace ta ƙauye ta gani na hare-haren kamun bayi da zuwan Turawa, abin da babu shi a takardun sarakuna ko na Razdan. Ajin mata zai ji daɗin wannan littafi ƙwarai, in an sami mai mai da musu shi cikin Hausa mai sauƙi.

A zama na ƙarshe sai a bar aji ya yi muhawara a kan shawarwari uku da suka raba kan manyan Sakkwato a wancan lokaci: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ce a yi yaƙi, ba tare da wani tunani ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya takwas da tsohuwar uwa a ɗaki ya san nauyin kowace shawara, domin ya taɓa tsayawa tsakanin mutuncinsa da abincin iyalinsa. Ba aikin malami ba ne ya yanke musu hukunci. In lokaci ya ragu, a ƙara musu da labarin Satiru na 1906, inda talakawa da gatura da fartanya suka karya wata ƙungiyar soja a watan Fabrairu suka kashe Turawa uku, kafin a komo a watan Maris a shafe garin. Wannan zai hana su zaton cewa makami kaɗai ke yanke hukunci a kowane karo, ya kuma nuna musu abin da ke biyo bayan nasarar yini ɗaya.

Mazan Jiya Da Sunayen Barikoki

Akwai wata tambaya da lalle wani ɗalibi zai yi: su wane ne sojojin nan 700 da suka ci Kano? Amsa ita ce da yawansu Hausawa ne da Yarabawa. Tun 1863 wani hafsan Ingilishi mai suna Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, aka kuma yi amfani da sojojin Hausa a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Hausa ce ma harshen da hafsoshi ke magana da soja da shi a rundunar Nijeriya har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ƙofa ce ta shiga kashi na biyu na karatun, watau tarihin sojan zamani.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da sunayen barikoki, waɗanda kowa ke faɗa ba tare da sanin ma'anarsu ba. Barikin Dalet na Kaduna da na Dodan da na Myohaung a Ikko duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda aka sake wa suna Miyanma a 1989. Kada a rikita ta da Bama ta Barno. Can ne runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japanawa a 1944 da 1945, cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi. Barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa daga wata runduna ta musamman da aka riƙa jefawa bayan dāgar Japanawa, wadda bataliyoyi uku na Nijeriya suka yi aiki a cikinta a 1944. Barikin Bukavu na Kano kuma sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojojin Nijeriya suka je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964.

Mazan jiyan Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, wanda ya rage ya doshi shekara ɗari. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, wasu da lambobi da takardun sallama a ƙasan adaka. Waɗanda suka yi Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 kuwa har yanzu ana samunsu, sai dai su ma shekaru sun ja. In akwai irinsu a aji ko a unguwa, malami ya roƙe su da ladabi su yi magana, ya kuma yarda in sun ƙi. Na taɓa zama da wani tsohon saje wanda zai yi maka awa guda yana bayanin yadda ake haƙa rami da yadda ake raba abinci a dāga, amma da an zo kan ranar da aka kashe abokinsa sai ya ce a tashi a yi salla. Bai kamata a matsa wa irin wannan ba.

Inda Ƙasa Ke Da Santsi

Tarihin yaƙi yana da wuraren da ƙafa ke zamewa. A aji guda ana iya samun jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kama. A Kano akwai gidajen da har yanzu sun san ko kakanninsu Tukurawa ne ko Yusufawa a basasar 1893 zuwa 1895. Bagobiri da Bakabe da Bamaraɗe ba lalle su ba da labarin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 yadda Basakkwace zai ba da shi ba. Wasu malamai sukan ga abin da ya fi sauƙi shi ne a tsallake waɗannan babi. Ni ban ga haka ba, domin abin da aka ƙi faɗa a aji za a faɗe shi a majalisar dare, inda babu mai tambayar hujja. Abin da ake bukata shi ne malami ya kafa ƙa'ida tun ranar farko, cewa ana binciken abin da ya faru ne, ba a zo tuhumar kowa da laifin kakansa ba, ya kuma hana a mai da wasan barkwanci na tsakanin ƙabilu ya zama gori.

Akwai kuma haɗarin ƙawata yaƙi, musamman in akwai samari a ajin, ga shi kuwa wasu ɗaliban sun baro ƙauyukansu ne saboda tashin hankalin da suka gani da idonsu. Kirari da tambari da kakaki suna da daɗin ji. Maganin wannan shi ne duk yaƙin da aka karanta a bi shi har ƙarshensa: su wa aka kama, ina aka kai su, wa ya noma gonakin waɗanda ba su komo ba, nawa aka sayar da hatsi a shekarar da ta biyo baya.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Sashenmu

Babbar matsalar da malamin irin wannan aji zai fara cin karo da ita ita ce rashin abin karantawa. Manyan littattafan da aka rubuta a kan wannan fanni, kamar na R. A. Adeleye na 1971 da na Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, da Ingilishi suke, kuma don masana aka yi su. Na Larabci, irin su Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko da an fassara su, sun yi wa sabon mai karatu nauyi. Takardu suna nan jibge a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, amma manomin da ya koyi haɗa baƙi bara ba zai je can ba. Abin da yake bukata shi ne 'yar takarda mai shafi huɗu ko shida, da manyan baƙaƙe, da taswira guda, da jimloli gajeru, a boko ko a ajami. Wannan aikin 'yan sashen Hausa ne tare da 'yan sashen tarihi, kuma ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai ga fili nan.

Sa'an nan akwai maganar kalmomi, wadda ita ce ta fi kusa da mu. Kalmomin soja na zamani da muka aro daga Ingilishi sun zauna daram a bakin kowa: soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki, fareti. Na gargajiya kuwa suna ta sulalewa. Ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya bambanta mashi da asigiri, ko barade da 'yan lifidi, ko dakaru da 'yan karma, ko sansani da ribaɗi? Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake riƙe abu a hannu. Malamin ajin manya yana zaune ne a tsakiyar waɗanda suka ji waɗannan kalmomi daga bakin masu su. In ya tanadi littafi guda ya riƙa rubuta duk kalmar da wani dattijo ya faɗa, da garin da ya fito, da yadda ya bayyana ta, ya kuma ɗauki muryar wanda ya yarda a ɗauka, to a ƙarshen zango sai ya kawo wa sashe kwafi, ya bar wa ajin nasu, a karanta musu su gyara inda aka yi kuskure.